Yaya ake gane ƙasa ce ke motsi a Legas, ba gini ba?

Malam, ka ce katangarka a Agege ta tsage, kana tambaya ko tsagin ƙarƙashin ƙasa ne ke motsi. Da wuya. Legas kan yashi da laka take zaune, galibi harsashin ginin ne ke nutsewa.

Don gane motsin ƙasa, masana kan kafa na'urar GPS mai auna matsayin wuri kan ginshiƙin da aka dasa cikin dutse, su yi shekara 3 suna karantawa, domin damina da rani na ɗaga ƙasa su sauke ta da 'yan milimita. Matsalar a nan, dutsen na can ƙasa sosai. Ginshiƙin da ke kan yashi nutsewar yashin kawai zai nuna. Akwai kuma tauraron ɗan Adam mai suna Sentinel-1 da ke maimaita hoton rada duk kwana 12, in aka gwada hotuna biyu, motsin ƙasa kan fito da launuka, kowane zagayen launi motsin santimita 2.8 ne. Ciyayi da ruwan lagun kan dagula shi.

Kai dai buga ƙusa biyu, hagu da daman tsagin, ka riƙa auna tazararsu duk Juma'a da sassafe, kafin rana ta buɗa siminti. In tana ƙaruwa, nemo injiniya, kada ka shafe da filasta.