Ku Tambaya Mu Amsa: Amurkawa Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo sun karkata wuri ɗaya: yadda rayuwar Amurkawa ta juya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila. Mun zaɓi biyar, muka miƙa wa malaman tarihin da ke amsa tambayoyin wannan fili a nan Yamai. Duk inda kuka ga dala, ta Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa Amurka ta sallami miliyoyin sojoji bayan 1945. To ina aka kai su? Yaya mutane masu yawa haka, da suka saba da bindiga, suka koma gida ƙasar ba ta yamutse ba?
Ɗalibin ajin ƙarshe na lise, Yantala

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Wannan tsoron naka shi ya hana shugabannin Amurka barci tun yaƙin bai ƙare ba. Mutum wajen miliyan 16 suka sa kaki, fiye da 400,000 ba su dawo ba. Kuma an riga an ga abin da ido a 1932, lokacin da tsoffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka yi zaman dirshan a Washington suna neman kuɗin da aka yi musu alkawari, aka tarwatsa su da dawaki da tankoki da barkonon tsohuwa.

Shi ya sa ranar 22 ga Yuni 1944 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira GI Bill. Duk wanda ya yi kwana 90 a bakin aiki, ba a kuma kore shi da laifi ba, ya shiga ciki. Mai son karatu, gwamnati ta biya masa makaranta har dala 500 a shekara, kuɗin da a lokacin ya isa ko jami'ar Harvard, sannan a ba shi dala 50 a wata in gwauro ne, 75 in mai iyali ne. Mai neman aiki da bai samu ba, dala 20 a mako har mako 52. An yi ta gunaguni cewa wannan kuɗin zai sangarta su, amma ko kashi 20 cikin ɗari na abin da aka ware ba a cinye ba, don mutane sun sami aiki da wuri.

Na ukun, wato bashin sayen gida, shi ya fi canja ƙasar. Gwamnati ba ta ba soja kuɗin gida a hannu ba, tsaya masa ta yi. Banki ya ba da bashi da ruwan da bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. In ya gaza biya, gwamnati ta ɗauki rabin bashin, har dala 2,000, daga baya aka ɗaga zuwa 4,000. Da banki ya ga asararsa ta ragu, sai ya daina neman kafin alƙalami mai nauyi.

A 1947 kusan rabin masu shiga jami'o'i tsoffin sojoji ne. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a da dokar, miliyan 2.2 daga cikinsu a manyan makarantu. Inda aka tafka kuskure shi ne biyan kuɗin kai tsaye ga makaranta. Ƴan damfara suka buɗe makarantun sana'a na jeka-na-yi-ka, su rubuta sunaye su karɓi kuɗi. Sai a dokar sojojin yaƙin Koriya ta 1952 aka gyara, aka koma ba sojan kuɗin shi ya biya da kansa.

TAMBAYA: Ni magini ne. Na ji an ce akwai wani Ba'amurke da yake gama gida talatin a rana ɗaya bayan yaƙin. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle?
Magini, Talladjé

AMSA: Gaskiya ne, Malam, sai dai ba a rana ɗaya ake fara gidan a gama ba. Sunansa William Levitt. Tsakanin 1947 da 1951 kamfaninsu ya gina gidaje 17,447 a kan gonakin dankali a Long Island, kusa da New York, aka sa wa garin Levittown. Ɗaruruwan gidaje ne ke tafiya a jere lokaci guda, kowanne a matakinsa, kullum wajen talatin su kai ƙarshe.

Ya yanka aikin gida kashi 27, kowane kashi da ƙungiyarsa. Motoci su bi layi suna sauke kaya iri ɗaya duk bayan mita 18. Masu haƙa su wuce, masu kankare su zuba daɓe ɗaya shimfiɗe, da bututun jan ƙarfe a ciki na ruwan zafi don ɗumama ɗaki da sanyi. Kafintoci su zo su tarar da katako an riga an yanka shi daidai awo, nasu haɗawa da buga ƙusa. Masu farin fenti daban, masu jan fenti daban. Akwai wanda aikinsa kawai ɗaure injin wanki a ƙasa, daga wannan gida zuwa wancan. Biyan ma'aikata kuwa a kan yawan abin da suka gama ne. Kamfanin yana da injin yankan katakonsa a California, har ƙusa da kansa yake yi, don kada ɗan kasuwa ya tsayar masa da aiki.

Gidan ƙarami ne, wajen murabba'in mita 70: ɗakin kwana biyu, falo, kicin, banɗaki. A 1949 ana sayar da shi dala 7,990, lokacin da matsakaicin iyali ke samun wajen 3,000 a shekara. Da bashin shekara 30, biyan wata bai kai dala 60 ba. A 1940 iyalai kashi 44 cikin ɗari ke zaune a gidan kansu, a 1960 sun kai 62.

Matsalolin sun fito daga baya. Bututun da aka binne a kankare in ya yoye sai an fasa daɓen. Kowane gida da ramin ƙazantarsa, ramuka dubbai a kan ƙasa mai yashi, ga ruwan sha daga ƙarƙashinta ake jawo shi. Sannan takardar zaman gidan ta hana duk wanda ba farar fata ba ya zauna, in ba ɗan aiki ba. Za mu dawo kan wannan.

A ganinmu katakon ba abin koyi ba ne a Yamai, gara da zafi ba za su bar shi ba. Abin ɗauka shi ne tsarin: zane ɗaya, kaya a wurin kafin ma'aikaci ya iso, da mai saye da bashinsa ya tabbata tun ba a haƙa harsashi ba. Wannan na ƙarshen shi ya ba Levitt ƙarfin hali.

TAMBAYA: Mutanen da suka fito daga yaƙi, ina suka sami kuɗin sayen mota da talabijin?
Ɗan kasuwa, kasuwar Wadata

AMSA: Alhaji, tara shi suka yi dole. Bam bai faɗa wa masana'antunsu ba, rashin aiki kuma ya sauko daga wajen kashi 15 cikin ɗari a 1940 zuwa ƙasa da 2 a 1944. Albashi na shigowa, abin saye babu: an tsayar da ƙera motocin farar hula a farkon 1942, sukari da nama da fetur da taya duk sai da kati. Mutum wajen miliyan 85 suka zuba kuɗinsu a takardun lamunin yaƙi. Da aka cire ƙayyade farashi a 1946 kaya suka yi tashin gwauron zabo, ma'aikata fiye da miliyan 4 suka yi yajin aiki a shekarar. Bayan ƙura ta lafa aka shiga saye. A 1950 gida 9 cikin ɗari ke da talabijin, a 1960 sun kusa 90. A 1956 aka yi dokar manyan hanyoyi na wajen kilomita 66,000, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 na kuɗin, daga harajin fetur.

TAMBAYA: An ce mata ne suka riƙe masana'antu lokacin yaƙin. Da maza suka dawo, kora aka yi musu ko su suka so komawa gida?
Malamar lakwal, Boukoki

AMSA: Malama, duka biyun sun faru, amma korar ba a cika faɗinta ba. Mata masu aikin albashi sun tashi daga wajen miliyan 12 a 1940 zuwa wajen 19 a 1945. Sun yi walda a wuraren ƙera jiragen ruwa, sun haɗa fukafukan jiragen sama. Gwamnati ta tallafa wa gidajen renon yara wajen 3,000, uwa ta biya rabin dala a rana. A wuraren ƙera jiragen ruwa na kamfanin Kaiser a Portland renon dare da rana ake yi, har uwa ta sayi dafaffen abinci ta wuce da shi gida in ta tashi aiki.

Da ofishin harkokin mata na gwamnati ya tambayi ma'aikatan kusa da ƙarshen yaƙin, uku cikin huɗu suka ce suna son ci gaba da aiki. Amma dokar ɗaukar soja ta 1940 ta ba kowane soja haƙƙin komawa kan aikinsa, masana'antun makamai suka rage ma'aikata, a farkon 1946 kuma aka yanke kuɗin gidajen renon. Matar da ta iya walda ta koma buga tafireta ko sayar da kaya a kanti, da albashi ƙasa da na da.

Aure ya yi yawa a 1946, wajen miliyan 2.3, saki ma haka, fiye da 600,000, don auren gaggawa da aka ɗaura kafin a tafi fagen fama da yawa bai jure rabuwar ba. Haihuwa ta tashi daga miliyan 2.8 a 1945 zuwa 3.4 a 1946, ta kai 4.3 a 1957. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara miliyan 76, kuma makarantu suka cika har wasu na karatu kashi biyu, na safe da na rana. Abin da muke so ki lura da shi: zaman gidan bai daɗe ba. Zuwa 1960 kusan ɗaya cikin uku na matan aure na aikin albashi, ninki biyu na 1940, da yawansu iyaye ne da ƴaƴansu suka shiga makaranta. Dokar daidaita albashin mace da namiji sai 1963 ta zo.

TAMBAYA: Kakana ya yi wa Faransa yaƙin Hitila, ya rasu yana kukan fanshonsa bai kai na Bafaranshe ba. Baƙaƙen fatar Amurka da suka yi yaƙin, an yi musu adalci?
Jikan tsohon soja, Tawa

AMSA: Allah ya jiƙan kakanka, ɗan'uwa. Kukansa na gaskiya ne: a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ta mulka. Na Amurka ma ba a yi musu adalci ba, hanyar cutar ce ta bambanta.

Fiye da miliyan ɗaya suka yi yaƙin, a rundunoni keɓaɓɓu, yawanci ƙarƙashin hafsoshi farare. Har jinin da suka bayar ware shi ake yi. Direbobin da suka yi ta jigilar fetur da harsashi daga Normandi ta Faransa zuwa bakin daga a 1944, uku cikin huɗu baƙaƙe ne. A kudancin Amurka kuwa fursunan yaƙi Bajamushe yana cin abinci a gidan abincin da aka hana sojan baƙar fata shiga.

GI Bill a takarda ba ta ambaci launi ba. Amma ɗan majalisa John Rankin na Mississippi da irinsa sun tabbatar an bar aiwatarwa a hannun ofisoshin jiha, bankunan gari da makarantu. Gwamnati tana tsaya maka ne in banki ya yarda ya ba ka bashi, in ya ƙi magana ta ƙare. A 1947, cikin basussuka fiye da 3,200 da aka tsaya wa tsoffin sojoji a garuruwa 13 na Mississippi, biyu kacal suka je ga baƙaƙe. Jami'o'in farare a kudu ba sa ɗaukarsu, ƴan kwalejojin baƙaƙe suka cika suka mayar da dubbai. Wannan ya fi ci mana rai a duk labarin, domin gidan da aka saya dala 7,990 shi ya zama gadon ƴaƴa da jikoki, wanda aka hana kuma ya ci gaba da biyan haya.

Amma sun dawo da idonsu a buɗe. A Fabrairun 1946 wani saje, Isaac Woodard, yana sanye da kaki, sa'o'i kaɗan bayan sallamarsa, ƴan sanda a South Carolina suka sauke shi daga bas suka doke shi har ya makance. Masu yanke hukunci, duk farare, suka wanke wanda ya doke shi. Abin ya girgiza Shugaba Truman, ya kafa kwamiti, ranar 26 ga Yuli 1948 ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Medgar Evers, da ya yi yaƙi a Faransa, ya dawo ya jagoranci neman ƴancin zaɓe a Mississippi har aka harbe shi a ƙofar gidansa a 1963.

Wasu kuma ƙaura suka yi. Daga 1940 zuwa 1970 baƙaƙe wajen miliyan 5 suka bar kudu zuwa Chicago, Detroit, Los Angeles da sauransu, injin tsinkar auduga na korarsu, masana'antu na kiransu. A can suna da ƙuri'a, kuma ƴan siyasa sun fara lissafi da ita. Kotun ƙoli ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe a 1954, wata baƙar fata Rosa Parks ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerar bas a Montgomery a 1955.

Afirka ma ta sa hannu. Da ƙasashenmu suka sami ƴanci a 1960, jakadu suka fara bin hanyar New York zuwa Washington a mota. A 1961 wani gidan abinci a jihar Maryland ya ƙi sayar wa jakadan Cadi kofi saboda launinsa. Tarayyar Sobiyet na yaɗa irin waɗannan labarai, gwamnatin Kennedy ta ga kunyar ta kai ga harkokin waje, ta shiga matsa wa jihar ta gyara dokarta. Dokar haƙƙin farar hula ta fito a 1964, ta zaɓe a 1965, wadda ta hana wariya a sayar da gida da haya kuwa sai 1968.