Amsar Baba Malam ga Maman Halifa kan ciyawar da take so a kawo mata daga Ingila

(Wannan muryar Baba Malam ce da ya turo zauren masu lambun gida jiya da daddare. Na rubuta ta ne saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da ƙarar janareto, na maƙwabta ne.

Maman Halifa, 'yata, na ga hoton da kika turo tun azahar, ban samu zama ba sai yanzu. Kin ce ƙanwarki da ke aure a Ingila ce ta ɗauko shi a bayan gidansu, wata ciyawa koriya mai farin baki-baki ta rufe ƙasa ruf, kuma kina so in za ta zo hutu ta tsinko miki saiwar, ki dasa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanki inda komai ya ƙi fitowa. To, amsata a gajarce, kada ki sa ta. Amma bari ki ji dalili, kada ki ce tsoho ya hana ki ado.

Na san ciyawar nan, kuma ba a takarda kaɗai ba. Lokacin da aka tura mu kwas can, gidan da na sauka akwai wata tsohuwa, duk Asabar tana durƙushe a gindin shinge tana tono. Rannan na ce bari in taya ta. Na kama ganyen na ja, ya tsinke a hannuna cikin sauƙi, sai wani ƙamshi ya taso, sak ganyen karas in an murza. Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Tsohuwa ta yi dariya, ta soka cokalin tono, ta ɗago ƙasar. Wallahi 'yata, kin ga taliyar murji in an zuba a faranti? Haka saiwoyin suke a ƙasa, farare, sun sarƙe, sun bi ta ƙarƙashin shinge sun shiga gidan maƙwabci. Kuma gautsi gare su, kina taɓawa suna karyewa. Kowane guntu da ya rage a ƙasa, ko bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sabuwar ciyawa ce. In kika sa mata fartanya ma, gaba ta kai ta, gobarar Titi, shuka kika yi mata.

Turawan can suna ce mata girawun elda. Sunanta na masana kuma Aegopodium podagraria, wanda Liniyas, masanin tsirran nan ɗan ƙasar Suwidin, ya raɗa mata a 1753. Kalmar farko daga Girkanci take, wai ƙafar akuya, saboda fasalin ganyen. Ki sake duba hoton da kyau, za ki ga kowane hannu ya rabu uku, kowanne kuma ya sake rabuwa uku. Kalma ta biyun sunan wani ciwon gaɓa ne, mai kama babban ɗan yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja, mutum ko takalmi ba ya iya sawa. Mutanen da na Turai, musamman malaman coci, suna shuka ta don wannan ciwon, su dafa ganyen su ɗaura a wurin. Alhaji Babba, na san kana saurare, kada ka ce a haɗo da taka saboda gwiwa. Al'adar da ce, ka ci gaba da zuwa wurin likitanka.

'Yar gidan su karas ce, shi ya sa ƙamshin. Asalinta Turai da sassan Asiya masu sanyi. In ta yi fure takan kai kusan mita 1, furen fari ƙanana-ƙanana a tattare kamar an buɗe laima. Turawa suna cin ɗanyen ganyen tun yana jariri, kafin ta yi fure, su dafa kamar yadda muke yi wa alayyahu. Amma dangin nan nasu akwai masu dafi a ciki, masu kisa, kuma furensu ya yi kama, don haka wanda bai iya bambancewa ba ba ya tsinka.

Wadda ke cikin hotonki, mai farin baki, ita ce ta ado. Ta fi gajarta, kuma ba ta kai koriyar zalla ƙarfi ba. Masu sayarwa sai su ce ai wannan mai ladabi ce. Kyan ɗan maciji! Ana nan sai ki ga wani reshe ya fito kore shar babu fari, ya koma halin iyaye, in ba a cire shi da wuri ba ya danne sauran. A Amurka da ado aka shigar da ita, yau ta shiga dazuzzukansu tana kashe tsirran ƙasar, har jihar Masacusets ta hana sayar da ita.

To mu dawo Kano. Abu biyu ne, kuma babu na zaɓe. Na farko, wanda na fi zato, ta mutu. Ciyawa ce ta inuwa da danshi da sanyi. Ko a can, in rani ya yi tsanani bakin ganyen ƙonewa yake yi. Da hunturunsu kuma saman ya mutu, saiwar ta yi barci a ƙasa mai sanyi da laima, sannan ta farka. Mu namu hunturun bushewa ne da ƙura, daga nan sai Afrilu ya zo da digiri 40. Ki yi ta biyan 'yan garuwa kura-kura, ita kuma darbejiya tana ƙasa tana shanye ruwan, don abin da ya hana komai fitowa a wurin ke nan, ba inuwa kaɗai ba ce. Na biyu, a ce ta rayu a gindin famfo ko bakin magudana. To kin jawo wa kanki. Wanda bai gane ba ya tuna ayaa-ayaa, ko ƙiri-ƙiri. Ni nan shekarun baya na sayi taki a hannun wani mai amalanke, ashe da ƙwayoyin ayaa-ayaa a ciki. Kwamin albasata guda ya tafi, har yau duk damina sai mun gaisa da ita. Mutanen Hadeja da Nguru kuma ku tambaye su abin da kacala ta yi wa hanyoyin ruwansu.

Ga kuma maganar doka. Ba a ɗauko tsiro da saiwa a jaka a shigo da shi haka kawai, akwai hukumar killace tsirrai a filin jirgi, sai da takardar izini. Kada ki sa yarinya ta sha tambayoyi a kan ciyawa.

Me za ki sa a wurin? Ni dai da nawa ne, kusa da gindin ba zan shuka komai ba. In zagaye da bulo jeri ɗaya, in bar ganyen darbejiyar da ke zuba a ciki maimakon sharewa, in ƙara ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa. Ƙasa ta rufu, ƙura ta kwanta. Sai dai ki riƙa ɗagawa kina dubawa saboda gara, kuma kada ya taɓa jikin bango. Daga bakin inuwar, inda rana ke leƙowa da safe, ki kafa igiyar dankalin Hausa. Damina ɗaya ya shimfiɗu, ga ganyen miya, in kin gaji da shi ki tone ki ci. In ado kike so, ki je wurin masu fulawa na bakin titi a Nasarawa, ki ce su ba ki mai rarrafen nan mai ganye ruwan makuba, tana jure inuwa, reshe kawai ake karya a soka. Na'a-na'a ma tana yi, amma ita ma halin ƙafar akuyar nan gare ta, ta ƙasa take tafiya, don haka ki sa ta a tsohuwar roba ko bokiti da aka huda, kada ki sake ta a fili.

Ki turo min hoton wurin gobe da misalin ƙarfe 10 na safe, sannan wani da la'asar, in ga inda rana take faɗawa. Ki tsaya daga ƙofar kicin ki ɗauka, yadda bangon zai fito. Ƙanwar taki kuma ki ce Baba Malam yana gaishe ta, ta leƙa gidan maƙwabcinsu ta ga ko ciyawar ta riga ta tsallaka. Caji ya kusa ƙarewa. Sai da safe.