Ina zan ɗauki bidiyon jirgin ƙasa daga Sakkwato?

Malam, ka ce kana son kallon jiragen ƙasa kana ɗaukarsu bidiyo, tsofaffi masu tururi da na zamani, daga ina za ka fara. To, mu nan Sakkwato layin dogo bai taɓa iso mana ba. Inda ya fi kusa shi ne Ƙauran Namoda, ƙarshen reshen da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, wanda ya kai can a 1929. Tsohuwar tasha da ƙarafan dogo za ka samu, kada ka sa rai da jirgi.

Jirgin gawayi kuwa, wato mai tururi, ya daina aiki a Najeriya tuntuni. Sai dai ka ga tsofaffin kawunan jirgi a ajiye, kamar a gidan tarihi na Jos.

Na zamani, hau mota zuwa Kaduna, tashar Rigasa, layin Abuja da aka buɗe a 2016. Amma tun harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin a 2022 jami'an tsaro ba sa wasa da mai kyamara. Gaida shugaban tasha, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Ka je da sassafe, rana na bayanka, kuma ka guji lokacin hunturu, hazo na cinye hoto.