Zuciyar ɗana gadon kawunsa ce, ko ni na sangarta shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. A Makka aka haife ni, a nan na yi aure, muna zaune a Hindawiyya. 'Ya'yana biyu maza, babban shekararsa tara, ƙaramin bakwai. Babban akwai zuciya, abu kaɗan sai ya hau, ya yi jifa da duk abin da ke hannunsa. Sau biyu ke nan ana kiran babansu makaranta a bana. Ƙaramin kuwa ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba. Hajiyar maigidana ta ce jinin gidanmu ne, wai yayana ya ɗauko. Shi kuma maigidan ya ce ni na sangarta shi, har yana maganar a kai shi Kano wajen ƙaninsa ya yi shekara biyu ko ya gyaru. Ciki ɗaya, tukunya ɗaya, tarbiyya ɗaya. Don Allah hali gado ne ko tarbiyya? In gado ne, yana gyaruwa? Daga wata uwa a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya shirya mana su baki ɗaya.

Zan fara da maganar jini, don na ga ita ta fi ci miki tuwo a ƙwarya. Kowane ɗa rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa yake samu, rabi daga uba. Abin da ya haɗa yaro da kawunsa a wannan lissafi bai wuce kusan kashi 25 cikin ɗari ba, shi ma ba daga kawun ya karɓa ba, daga rijiya ɗaya suka ɗebo, wato iyayenki. Abin da ya haɗa shi da kakarsa ta wajen uba kuwa, shi ma kusan kashi 25 ne. Ke nan Hajiya da yayanki kusan rabonsu ɗaya a jikin yaron nan. Ban aike ki ki faɗa mata ba, kada a ce Dakta ya haɗa ki da suruka. Na faɗa ne don ki sauke wannan kaya daga kanki.

Sai dai Hajiya tana da gaskiyarta. Hali yana da gado, kuma an daɗe da gwada hakan. Hanyar da masana suka fi bi ita ce ta tagwaye, tun daga kan Francis Galton na Ingila a 1875. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabe biyu, su ne masu kama kamar an tsaga kara, kuma ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne sak. Akwai kuma waɗanda ƙwai biyu ne suka haɗu a ciki ɗaya, kamar Hasan da Husaina. Su kamar wa da ƙani suke, kusan rabi suka haɗa. Idan na farkon suka fi na biyun kama da juna a hali, alhali duka a gida ɗaya suka tashi, to gado ya sa hannu. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya shiga neman tagwayen da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a hannun wasu mutane daban. Ya tara sama da ɗari. Abin da ya gani shi ne, masu ƙwai ɗaya da suka tashi a rabe sun yi kama a hali kusan kamar waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya. A 2015 wasu masana suka tattara binciken tagwaye na shekara hamsin, mai ɗauke da tagwaye sama da miliyan 14, suka samu cewa a dunƙule kusan kashi 49 na bambancin da ke tsakanin mutane yana komawa ga gado. Idan aka keɓe halayya kaɗai, irin su saurin damuwa, son shiga jama'a, sauƙin kai da tsare alƙawari, adadin yana tsayawa wajen kashi 40.

Wannan kashi 40 shi ne inda mutane suka fi zamewa. Ba yana nufin za a yanka fushin ɗanki a ce ga na jini, ga na tarbiyya ba. Lissafin jama'a ne: idan aka tara mutum dubu aka tambayi me ya sa wasu suka fi wasu zafi, kusan kashi 40 na amsar yana wajen gado. Bai ce komai a kan yaro ɗaya tilo ba, bai kuma ce abin da aka gada ba ya motsi ba.

Mu a nan Saudiyya idan aka ce gado, tunaninmu kan tafi ga gwajin kafin aure, wanda ya zama dole tun 2004 saboda cututtukan jini na gado, sikila da talasimiya. Sikila ƙwaya ɗaya ce tak. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, kuma ana ganinta a jini ƙarara. Hali ba haka yake tafiya ba. Babu wata ƙwaya guda mai suna ƙwayar fushi da za a ce ta tsallako daga gidanku. A 2018 an duba gadon mutum kusan 450,000 ana neman tushen saurin damuwa da ɓacin rai, aka gano wurare 136 da ke da hannu, kowanne tasirinsa kamar ɗigon ruwa a randa, kuma duk a haɗe ɗan kaɗan suka bayyana. Saboda haka babu asibitin da zai ɗebi jinin yaro ya ce miki ga halinsa. Duk wanda ya yi miki tallan irin wannan gwaji, ki riƙe riyalinki.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaure miki kai, wato yadda ciki ɗaya ya haifi wuta da ruwa. Tambayi duk manomin dabino a Madina ko Ƙasim. Idan yana son ajwa ko sukkari, ba ƙwallo yake shukawa ba, 'yar da ta tsiro a gindin uwar yake cirewa ya dasa, don ita ce ke fitowa uwarta sak. Ƙwallo goma daga zangarniya ɗaya kuwa bishiya goma daban-daban za su ba shi, wasu ma maza ne da ba za su yi 'ya'ya ba. 'Ya'yanmu ƙwallo ne. Kowane ciki sabon gauraye ake yi, kuma wa da ƙani kusan rabi kawai suka haɗa. Har wani abu da ya ɓuya tun kakanni yakan ɓullo. Kin san hadisin mutumin da ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launinsa, aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne amma akwai mai toka-toka a ciki, wataƙila wata jijiya ce ta janyo shi. Aka ce masa to ɗanka ma wataƙila haka ne. Buhari da Muslim duk sun kawo shi.

Ita kuma "tarbiyya ɗaya" da kika ce, ina da ja a kai. Ɗan fari yana samun iyaye sababbin shiga, masu tsoro da zaƙewa. Na biyu yana tarar da su sun huce. Malaminsu ba ɗaya ba, abokansu ba ɗaya ba. Wani yaron a ajinsu ake ce masa takaruni, wato ɗan asalin Afirka ta Yamma, ana dariya, ya haɗiye ya dawo gida ya sauke a kan ƙaninsa. Sannan yaro da kansa yana juya yadda ake bi da shi: mai taurin kai yana janyo tsawa, tsawar ta ƙara masa taurin kai, shi kuwa mai sanyi kullum "Allah ya yi maka albarka" yake ji. Bayan shekara biyar sai a ce iyaye ne suka bambanta su, alhali wani ɓangaren bambancin su suka zo da shi. Binciken da aka yi a kan yaran riƙo ya ƙarfafa wannan: yaran da ba su haɗa jini ba, aka rene su a gida ɗaya, idan sun girma kamanninsu a hali kaɗan ne ƙwarai. Wannan ya isa ya nuna wa maigida cewa zargin sangartawa bai tsaya da ƙafafunsa ba. Da hannunki ne kaɗai ke ƙera hali, da ƙaramin ma ya fito haka.

Kada ki fahimce ni a kan cewa gida ba ya komai. Yawancin waɗannan bincike a Amurka, Turai da Ostireliya aka yi su, a gidajen da ake ci ake sha ake kula da yara. Inda aka rasa kulawa, lamarin daban ne. Jariran da aka tarar a gidajen marayu na Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, ba mai ɗauka ba mai lallashi, da yawansu sun girma da tabon abin a hankali da mu'amala, kuma waɗanda aka mayar hannun iyalai da wuri sun fi farfaɗowa. Ban da haka, harshe, addini, gaisuwa, kunya, sanin abin da ake faɗa a gaban babba, duk a gida da unguwa ake ɗaukarsu. Ɗanki yana Larabcin Makka da Hausa ne don a nan ya buɗe ido.

Ni yadda nake raba abin shi ne: saurin hawa, wannan da shi ya zo. Abin da hannunsa da bakinsa ke yi idan ya hau, wannan koyo ne. Malamanmu sun riga mu nan. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa, kuma a ruwayar Abu Dawud ya tambaya ko shi ya koya wa kansa ko a kansu aka halicce shi, aka ce masa a kansu aka halicce shi. Duk da haka Imam Gazali ya yi raddi ga masu cewa hali zanen dutse ne, ya ce da haka ne da wa'azi da horo sun zama aikin banza, kuma manufar ba a tumɓuke fushi ba ce, a sa masa linzami. Bincike ya bi bayansa. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi yara kusan dubu da aka haifa a 1972 zuwa 1973 har suka girma. Waɗanda suka fi iya riƙe kansu suna ƙanana sun fi lafiya da rufin asiri a shekara 32, amma akwai waɗanda suka fara da rauni suka inganta a hanya, su ma rayuwarsu ta fi kyau. Kuma galibin mutane suna ƙara natsuwa tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ɗan shekara tara icce ne ɗanye shataf.

Maganar Kano kuwa, ra'ayina a jinkirta. Riƙo al'adarmu ce mai kyau, da yawanmu a hannun baffa ko gwaggo muka tashi. Amma yaron da aka ɗora a jirgi don ya yi laifi ya san korarsa aka yi, kuma zuciyar tana cikin jakarsa. Zai sauka inda za a yi wa Hausarsa dariya, ga kewar uwa, ga sabuwar makaranta. Idan gyaran da ake nufi bulala ce, wani nazari na 2016 da ya haɗa bayanan yara sama da 160,000 ya samu cewa duka yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa da taurin kai. Tsit ɗin da yaro ke yi bayan an zane shi tsoro ne, yana kuma koyon cewa mai ƙarfi idan ya fusata hannu yake ɗagawa.

Abin da zan so ki yi cikin mako biyu masu zuwa mai sauƙi ne. Ki sami ɗan littafi, duk lokacin da ya tashi ki rubuta ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin nan, ya ci abinci ko bai ci ba, ƙarfe nawa ya kwanta jiya. Barcin nan ki sa masa ido sosai. Yaro mai shekarunsa yana buƙatar awa 9 zuwa 12, mu kuwa a nan yara kan kai sha biyun dare da waya a hannu, sannan a tashe su da asuba don makaranta. Yaro mai zafi da bai ƙoshi da barci ba, ashana ce kusa da fetur. Idan ya hau kada ki tsaya yi masa wa'azi, ba ya ji a lokacin. Ki janye ƙaramin, ki ce masa ya zauna ko ya je ya yi alwala, kamar yadda aka koyar da mu. Bayan ya huce sai a yi magana a taƙaice, ya kwashe abin da ya jefar, in ya fasa a cire daga kuɗin tararsa. Ranar da ya ji haushi ya haɗiye bai yi jifa ba, ki faɗa a gabansa da gaban babansa. Ki kuma daina cewa "dubi ƙaninka", ki roƙi Hajiya cikin ladabi a daina kiransa da sunan kawun, don yaron da ya saba jin cewa jininsa ne haka yakan daina ƙoƙari.

Babansu ya je wajen murshidin ɗalibai, wato malamin da ke ba yara shawara a makarantar, ya tambayi abin da ya faru kafin faɗan nan biyu, da wa aka yi, me aka ce masa. Idan kuma malamai suka ce ba ya iya zama wuri ɗaya, yana mance kayansa, ba ya ƙarasa aiki, yana katse mutane a magana, to ku kai shi wajen likitan yara a duba ko matsalar ƙarancin natsuwa da yawan motsi ce. Ita gadonta ya fi na sauran halaye ƙarfi, ya haura kashi 70, kuma akwai yadda ake taimaka wa masu ita. Ku tafi da littafin nan, likitan zai so ya gani.