Matata ta fasa min goshi, 'yan majalisa dariya suke min

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Shekara shida da aurenmu, yara biyu, amma matata in ranta ya ɓaci duk abinda ke hannunta dashi take jifana, rannan muciya ta maka min a goshi sai da akai min ɗinki. Da na faɗa ma 'yan majalisarmu dariya suka sheƙe da ita wai na zama mijin tace, wani ma cewa yayi in rama ko sau ɗaya ne zata shiga taitayinta. Ya zanyi? Daga wani bawan Allah, Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kar ka kuskura ka rama, wanda ya baka shawarar nan ba shi zai kwana a ofishin 'yan sanda ba ranar da tsautsayi ya gifta. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba, hadisin na cikin Muslim.

Dariyar abokanka kuwa ban yi mamaki ba, ai haka muke. Mace ta zo gida da kumburarren ido sai ace ki yi haƙuri ki koma ɗakinki aure ibada ne, ƙila ma bakinki ne ya ja miki, namiji kuma a fasa mai kai ya zama abin barkwanci a teburin mai shayi wai ya za'ai mace ta doke ka. To shi goshi ina ruwansa da wanda ya riƙe muciya? Wasiƙun matan da ake jibga sun fi zuwa min nesa ba kusa ba, amma naka ma duka ne, kuma dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya (VAPP) ta 2015, wadda jihar Kaduna tai irinta a 2018, bata ware mace ko namiji ba wajen hana dukan abokin zama.

Ka adana katin asibiti da hoton ciwon a waya. Ka ɗauki babba ɗaya a gidanku ku je wajen waliyyinta a zauna, banda majalisa dan Allah, can shayi kawai ake sha. In kaga ta fara hawa fice daga gidan har ta huce, kuma irin wannan fushin da kamata yayi likitan ƙwaƙwalwa ya ganta a asibitin koyarwa na ABU dake Shika, ba hauka nace tana yi ba. In duk abin ya ci tura akwai mai unguwa, akwai alƙali.

Baka faɗa min ba, a gaban yaran take yi? Ka sake rubuto min.