Amsar malamin SVT ga Hajiya: ba takardar dokoki ce ta ba ta 7 ba

Assalamu alaikum iyayen 'yan Terminal D, ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya. Hajiya, na ji muryarki tun da hantsi, ina cikin aji ne shi ya sa sai yanzu. Kin ce takardar dokokin da na ba yara su kawo gida a sa hannu ta yi tsauri, wai darasi ɗaya ya zo da sharuɗɗa har shafi biyu kamar za a shiga soja. To ranki ya daɗe, ni dai na san ba takardar ce ta dame ki ba. Abin da ya dame ki shi ne yarinyar da ta saba kawo 15 bisa 20 a SVT, darasin kimiyyar halittu da ƙasa, ta ci purobatuwar ɗinta, jarrabawar shiga ajin ƙarshe, lafiya lau, yau ga ta da 7 a sekans na farko, wato jarrabawar aji ta farko a shekara, kuma ku a gida kun riga kun fara kiran ta likita. Wannan ita ce tambayar, ita zan amsa. Kuma ba ke kaɗai ba ce, akwai iyaye da yawa a nan da suka yi shiru amma ciwon ɗaya ne.

Yarinyar nan tana da kai. Haddarta ma har ta yi yawa. In na ce ta faɗo mini matakan rabuwar ƙwayar halitta, za ta zubo su tas da Faransanci, ba ta tsallake ko waƙafi. Mu nan yaranmu sun taso da allo, hadda ba ta ba su wuya, kuma alhamdu lillahi. Sai dai jarrabawar bak ta D, wato Bakaloriya ta kammala sakandare, ba hadda take nema ba. Tun da aka koma tsarin nan na APC, mai auna iya aiki da ilimi ba hadda ba, takardar kashi biyu ce. Kashi ɗaya a tambaye ka abin da ka sani, a ba ka zane ko jadawali ko sakamakon wani gwaji a ce fassara. Kashi na biyu a ba ka labarin wata matsala a wani gari, a ce ka rubuta abin da za ka gaya wa mutanen garin, da hujjar kimiyya. A nan ne mai hadda yake tsayawa cik, don tambayar ba ta cikin kayensa, littafin da yake rubuta darasi.

Bari in ba ki ainihin tambayar da ta kayar da ita, ta kayar da fiye da rabin ajin ma. Na ce miji AS, mata AS, wato kowanne na ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, sun haifi 'ya'ya uku duk ba mai sikila, ga ciki na huɗu, me za ka gaya musu? Sai yara suka rubuta mini wai na huɗun dole ya zo SS, mai sikila, tunda littafi ya ce ɗaya cikin huɗu. Inna lillahi! Hajiya, wannan amsar in likita ya ba da ita a asibiti ai ya tayar da hankalin gida a banza. Kuma juyinta ya fi muni, wato a ce wa mutane tunda na farin ya zo da sikila to uku masu zuwa lafiya za su zo. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa daban, ɗaya bisa huɗu, ciki bai san abin da ya faru da na gabansa ba. In ka ninka uku bisa huɗu sau huɗu za ka samu 81 bisa 256, wato kusan gida ɗaya cikin uku na irin waɗannan ma'aurata za su haifi huɗu ba SS ko ɗaya. Wani gidan kuma biyu a jere. Mendel, masanin gadon halitta da ya gano wannan ƙa'idar, ya buga aikinsa a 1866, ba da 'ya'ya huɗu ya gane ta ba. Ƙwayoyin wake 7324 ya ƙirga a gwaji ɗaya, 5474 masu santsi, 1850 masu tamoji, sannan uku da ɗaya ta bayyana. Na rubuta waɗannan lambobin a allo, na sa sun raba da hannunsu, sun samu 2,96, wato kusan uku. Amma ranar jarrabawa aka koma wa hadda.

Kuma abin da ke ƙona mini rai, sikila ba labarin Turai ba ne. Wane ne a cikinmu nan Garwa bai san gidan da ake kwana a asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi ba? Duk abin daga canji ɗaya tak ne a sinadarin jan jini, a gurbi na 6 na sarƙar beta, inda wani tubalin sinadarin mai suna valin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid, shi ke nan ƙwayar jini ta lanƙwashe in iska ta yi mata ƙaranci. Kuma dalilin da ya sa AS ya yi yawa a ƙasashenmu shi ne mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yaron da ya gane wannan, gobe shi zai ce wa yayarsa a je a yi gwajin jini kafin a kai kayan aure. To wannan nake nema, ba... to, bari dai in dawo kan takardar, na yi nisa.

Dokar makara. Ƙarfe bakwai da rabi ake shiga, in na rufe ƙofa sai da takardar sirbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai. Na san wasu daga ƙetaren gadar Binuwai suke zuwa, na san wahalar samun babur da safe, shi ya sa na ce wanda gidansu ke da nisa iyayensa su gaya mini tun yanzu, in san da shi. Amma yaron da gidansu ke bayan katangar makaranta ya zo ƙarfe takwas yana taunar ƙosai, a'a.

Rashin zuwa ranar jarrabawar sekans, sifili ne, sai in an kawo takardar asibiti ko uba ko uwa sun zo da ƙafarsu. Rasuwa daban ce, wannan ba sai an faɗa ba. Biki kuwa ba uzuri ba ne, Hajiya, ko na wace gwaggo ce. Sekans shida ne kawai a shekara, biyu a kowane zango, kuma SVT na cikin darussan da suka fi nauyi wajen lissafin maki a D, don haka sifili ɗaya yana jan mwayen ɗin yaro, wato matsakaicin makinsa, ƙasa fiye da yadda Turancin Ingilishi ko tarihi zai iya ɗago shi.

Satar amsa, wanda ya kwafa da wanda ya buɗe takardarsa aka kwafa, duka sifili. Yara suna cewa zalunci ne. Su je su gwada a zauren bak, inda ba ni ne mai gadi ba, mutanen Ofis na Bakaloriya ne, su ga ko za a tsaya tambayar wa ya fara.

Waya kuma ba dokata ba ce, ta ma'aikatar ilimin sakandare ce, ba a shigo da ita makaranta. Nawa ƙarin shi ne ban yarda yaro ya ɗauki hoton kayen abokinsa a gida ya ce ya yi darasi ba. Kaye nake dubawa, da rubutun hannunsa, da zanensa. Zane da fensir, ba biro ba, ba kala ba, layukan nuni da rula, kada su gitta juna, suna a ƙasa a ja masa layi, in daga madubin ƙara girma ne a rubuta sau nawa aka ƙara, 100 ne ko 400. Iyaye suna dariya in na cire maki saboda ba a sa sunan zane ba. To mai gyaran takardar bak bai san 'yarki ba, bai san tana da ladabi ba, lamba kawai yake gani, kuma yana cire wannan makin. Gara ta yi kukansa a Oktoba da ta yi shi a Yuli ranar da sakamako ya fito.

Sai ɗakin gwaji. Ba ci ba sha a ciki. 'Yan mata su cusa bakin mayafi cikin riga in an kunna wuta, ban ce a cire ba, a'a, kada wani ya je ya juya mini magana, na ce a cusa. Kuma ba mai huda yatsa don ya ga jininsa a madubi, ko ya roƙe ni, saboda ciwon hanta da sauran abin da jini ke ɗauka. Madubanmu 'yan kaɗan ne, yara sun fi bencina yawa, in ɗaya ya fashe sai a jira kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, ku kuma kun fi ni sanin yadda wannan taron yake ƙarewa.

Yanzu layin da na san shi ne ya sa wasu suka ƙi sa hannu, ko da ba wanda ya faɗa: inda na rubuta cewa akwai babin haihuwar ɗan Adam, da zane, kuma ba a fita daga aji. Wannan ina da tsohon miki a kai. Wata shekara, a wata makaranta da na koyar kafin nan, wani bawan Allah ya shigo mini har cikin aji da kayen 'yarsa a hannu, yana ɗagawa sama, wai ina lalata tarbiyya. A gaban yara! Bai je wurin sansor mai kula da karatu ba, bai nemi purobizor shugaban makaranta ba, kai tsaye aji. Zanen mahaifa ne fa da jadawalin sinadaran da ke tafiyar da al'adar mata, abin da ke cikin littafin da gwamnati ta amince da shi. Na ce Alhaji, in matarka za ta haihu wa kake so ya karɓi haihuwar? Ya ce mace mana. Na ce to macen a ina za ta koya? Bai ba ni amsa ba, ya dai janye yarinyar daga darasin har babin ya wuce, kuma babin ya fito a bak na shekarar. Abin da ya fi ba ni haushi, shi ne dai mutumin da ya dawo daga baya yana neman in ƙara mata maki biyu a biltan, takardar sakamako, wai don Allah don Annabi. Har yau in na tuna... kai, a bar maganar. Shi ya sa yanzu nake rubutawa tun farkon shekara, a karanta, a sa hannu, mai magana ya zo ya same ni ni kaɗai mu yi ta cikin mutunci. Ina koyar da babin da kamun kai, ba wasa ba dariya, yaron da ya yi shaƙiyanci waje zai yi.

Duka kuwa babu shi a takardar, ba na yi. Dokar ilimi ta 1998 ta hana, kuma ban taɓa ganin bulala ta sa yaro ya gane yadda zaren gado 46 na ƙwayar halitta ke komawa 23 ba.

Na ce fiye da rabin aji sun faɗi a tambayar sikila, to bari in gyara, ba duka suka rasa makin gaba ɗaya ba, wasu sun zana jadawalin gadon daidai, fassarar ce ta kuɓuce musu. 'Yarki na cikinsu, Hajiya. Wato gyaranta ba mai nisa ba ne. Abin da nake so a gida kaɗan ne. A bar mata awa ɗaya da rabi kullum ba aike ba wanke-wanke, ta zauna da tsofaffin takardun bak, ba karatun kaye da ƙarfi tana kai da kawowa a tsakar gida ba. In ta gama, ki ce ta bayyana miki da Hausa ko da Fulatanci. In ta kasa faɗa miki da harshen gida yadda za ki gane, to ba ta gane ba, haddacewa ta yi. Kuma a yi wannan yanzu da sanyi ke tafe, don in Maris da Afrilu suka shigo zafi ya haura 40, ga wuta tana ɗaukewa, ba yaron da ke iya karatun kirki a Garwa.

Maganar likita kuma, a rage kiran ta da sunan, yana ɗora mata kaya. Bak kaɗai ba ya shigar da mutum makarantar likitanci, akwai gasar shiga ta ƙasa baki ɗaya, ko da yanzu muna da tsangayar a nan Garwa ba sai an tafi Yawunde ba. Kuma D ba ƙofa ɗaya gare ta ba, ga likitancin dabbobi a Ngaundere, ga makarantar horar da malamai a Marwa, ga aikin gona. Masu cewa in abin ya yi wuya za su kai yaro Cadi ya yi bak a can, to ku sani gasar ba ta tambayar inda ka samo takarda, abin da ke kanka take tambaya.

Ina makaranta ranar Laraba bayan an tashi, har zuwa la'asar. Ki zo da ita da takardar jarrabawar, mu bi ta layi layi a gabanki. Takardar dokoki kuma a dawo mini da ita ranar Litinin da sa hannun uba ko uwa, ba na yayanta ba, na san rubutun yaran nan duka. Alhajin da ya yi tambaya a kan repetisiyo, darasin ƙari bayan makaranta, da kuɗinsa, ban manta ba, wannan sai na yi murya daban don maganar tana da tsawo kuma ba za ta yi wa wasu abokan aikina daɗi ba.