Ku Tambayi Kawu: Me Ya Sa Babban Kanti Ya Janye Hannu Daga Cinikin Bindiga?

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Yayana ya daɗe a jihar Texas ta Amurka yana tuƙin babbar mota. Kwanan baya ya turo mini saƙon murya yana ta mita, wai ya je Walmart neman harsashin ƙaramar bindigarsa, aka ce masa sun daina sayarwa tuntuni, dole ya koma wani ƙaramin shagon bindigogi inda kuɗin ya ɗara. Ni ɗan tireda ne, abin ya ɗaure mini kai. Yaya ɗan kasuwa zai bar kayan da ake saye? Gwamnati ce ta hana su? Kuma tsakanin babban kanti da ƙaramin shago wa ya fi? Ɗanka daga Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Barka kadai, ɗana. Gwamnati ba ta hana su ba. Su ne da kansu suka zauna suka yi lissafi irin wanda kake yi kullum da dare bayan ka rufe tireda, sai dai nasu da dala ake yi.

Walmart shi ne kanti mafi girma a Amurka, wurin da ake zuwa don araha, ka sayi madara da tayar mota da wandon yaro a kwando ɗaya. Janyewarsu daga harkar bindiga ba a rana ɗaya aka yi ta ba. Tun 1993 suka daina sayar da ƙananan bindigogin hannu, in ban da a jihar Alaska. A 2015 suka sauke bindigogi samfurin AR-15, masu kama da na soja, daga kan kanta, suka ce ciniki ne ya ja baya. A watan Fabrairun 2018, bayan wani matashi ya kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare a Parkland ta jihar Florida, suka ce ba za su ƙara sayar wa wanda bai kai shekara 21 bindiga ko harsashi ba, alhali dokar tarayya ta yarda ɗan shekara 18 ya sayi doguwar bindiga. Sai kuma ranar 3 ga Agustan 2019 abin ya zo musu har gida: wani ya shiga kantinsu na El Paso, a jihar da yayanka yake, ya buɗe wuta, mutum 23 suka rasa rayukansu. Bayan wata guda shugaban kamfanin na lokacin, Doug McMillon, ya sanar cewa sun bar sayar da harsashin ƙananan bindigogi, sun kuma rufe cinikin na Alaska. Kamfanin da bakinsa ya ce kasonsa a kasuwar harsashi zai sauko daga kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa tsakanin 6 da 9. Ka ga yayanka ya makara da jin labari. Har yanzu dai wasu rassan suna sayar da bindigogin farauta.

Ba su kaɗai ba ne. Kamfanin Dick's Sporting Goods, masu kayan wasanni, sun gano cewa yaron Parkland ya taɓa sayen bindiga a wurinsu, duk da ba da ita ya yi ta'asar ba. Shugabansu na lokacin, Ed Stack, ya sa aka daina sayar da bindigogi irin su AR-15, waɗanda suka rage kuma, na kimanin dala miliyan 5, aka lalata su maimakon a mayar wa masana'anta.

To, me ya sa? Ka ɗauka a tiredarka akwai haja ɗaya da ba ta kawo maka wata riba ta a zo a gani, amma sai ka yi mata akwati mai kwaɗo, ka ajiye yaro na musamman da aka horar, ka riƙa cike takardu kan kowane mai saye, hukuma kuma tana iya faɗo maka bincike ko yaushe. Ranar da aka yi ɓarna da ita kuwa, sunanka za a kira a rediyo, matan unguwa su daina aiko yara sayen sukari. Za ka ci gaba da ajiye ta? Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban ce babu tausayi a ciki ba, ma'aikatansu da masu sayayyarsu aka harbe, amma ni dai ban taɓa ganin babban kamfani ya bar kuɗi don tausayi kaɗai ba.

Batun wa ya fi, a takarda duk ɗaya suke. Babban kanti da ƙaramin shago lasisi iri ɗaya suke karɓa daga ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Mai saye zai cike fom mai lamba 4473, a aika sunansa a binciki tarihinsa ta tsarin da hukumar FBI take gudanarwa tun 1998. Bambancin yana wurin mutumin da ke bayan kanta. A babban kanti za ka iya tarar da yaron da jiya yana sashen fenti. Mai ƙaramin shago kuwa sana'arsa ke nan, zai gwada maka wadda ta dace da kafaɗarka, ya nuna maka yadda ake kwance ta a goge, in ta sami matsala ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kuɗinsa ya fi yawa don ba ya iya sari da yawa kamar Walmart. Kai ma ka sani, wanda ya saro katan dubu ba zai sayar daidai da wanda ya saro biyar ba.

Wannan ya tuna mini wani abu. Ina ɗan shekara goma sha biyu na raka baffana, maharbi ne, wurin wani tsohon maƙeri a bayan gari don a gyara masa kunamar bindigarsa, irin harba-ka-ruga ɗin nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ni aka sa zuga, ina ta fama da zuga-zugi hayaƙin gawayi yana shiga mini ido. Sai ga wani saurayi da tasa a naɗe cikin buhu, ko zama bai yi ba. Tsohon bai ɗago daga kan uwar maƙera ba ya ce, “Ɗan gidan wa?” Ya faɗa. Ya ce, “Yau hannuna cike yake, ka dawo bayan Sallah.” Sallah kuwa saura wata biyu. Da yaron ya tafi, sai ya dubi baffa ya ce, “Rigimar gona suke da wansa.” Shi ke nan abin da ya faɗa, ya ci gaba da dukan ƙarfensa. Babu kwamfutar da za ta san wannan.

Amma kada ka ɗauka ƙaramin shago kullum shi ne mai tsantseni. Dokar Amurka ta ce idan kwana uku na aiki suka wuce amsar bincike ba ta zo ba, mai shago yana iya miƙa bindiga. Walmart ba ya yin haka, sai amsa ta zo. Mutumin da ya kashe mutum tara a wani coci a Charleston a 2015 ta wannan kafa ya sami tasa, kuma a shagon bindigogi ya saye ta. Mai ƙaramin shago da kuɗin haya ya taso shi gaba yana iya kau da ido a inda babban kamfani mai tsoron lauyoyi ba zai kau ba. Ka ce wa yayanka, in mai shagon ya cika masa tambayoyi, to ya dace da shago, ya biya ƙarin kuɗin ya daina mita.

TAMBAYA: Kawu, ina noman dankali da kabeji a wajen gari, kuma ka san halin da ake ciki. A nan Jos ina ake sayen bindiga ta halal? Wani ya ce zai haɗa ni da mai kawowa har da takardu. Manomi daga hanyar Bukuru.

AMSA: Malam, na san halin da ake ciki. Duk wanda ya zauna garin nan tun rikicin Satumbar 2001 ba ya bukatar a yi masa bayanin tsoro. Amma labarin da na ba ɗan'uwanmu a sama na Amurka ne, inda tsarin mulkinsu tun 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Mu namu tsarin mulkin bai ba da wannan ba. A nan kafin a yi maganar shago sai an yi ta lasisi.

Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta raba su gida uku. Bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, lasisinsu daga Shugaban Ƙasa yake fitowa. Na farauta, irin su mai baki biyu, Sufeto Janar na 'yan sanda ne yake ba da izini. Irin ta baffana da ake ɗurawa ta baki, wannan tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ko gwamna ba shi da hurumi. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Saboda haka mutumin nan mai “har da takardu”, ka tambayi kanka wa ya sa hannu a takardun. Dokar fashi da makami ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. Kuma ba ka san abin da aka aikata da ita kafin ta zo hannunka ba, ranar da aka kama ka da ita duk tsofaffin laifukanta kai za a tambaya. In kana son sanin ko an buɗe ba da lasisi, ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ƙafarka ka tambaya, kada ka aiki dillali. Batun gona kuma, ku manoman yankin ku haɗu ku sami mai unguwa da DPO, a tsara sintiri da 'yan banga masu rajista, a daina zuwa gona ɗai-ɗai da asuba.

TAMBAYA: Kawu, maigidana ya gaji bindigar farautar mahaifinsa, tana ƙarƙashin gado, ga yara huɗu a gida. Ya ce tana da lasisi. 'Yarka daga Rikkos.

AMSA: 'Yata, lasisin na marigayi ne, Allah Ya jiƙansa, kuma ba a gadon lasisi kamar yadda ake gadon gona. Ki lallashi maigida ya ɗauki tsohuwar takardar ya je ya sanar da 'yan sanda, su gaya masa yadda za a yi. Kafin nan, yau ɗin nan, a tabbatar babu komai a cikinta, a kulle ta a akwati, harsasan a wani wuri dabam, makulli a aljihunsa. Idan ya ƙi ji, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Ki ɗauka yaran sun riga sun san inda take.